Louis Braille (1809–1852): Ɗan Badukun Coupvray Da Ya Ƙago Rubutun Makafi

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa yawancin tsare-tsaren rubutu na duniya ba su da mai su. Babu wanda zai nuna mutum guda ya ce shi ne ya tsara baƙaƙen Larabci, ko na Latin waɗanda bokonmu ya samo asali daga gare su. Al'ummomi ne suka yi ta gyara su ƙarni bayan ƙarni. Kaɗan ne ake iya kiran sunan wanda ya ƙago su, kamar rubutun Koriya na zamanin Sarki Sejong, ko rubutun N'Ko wanda Sulemana Kante ya tsara wa harsunan Manding a 1949. A cikin wannan ƙaramin rukuni ne rubutun makafi yake, wato wanda muke kira birel a nan Nijeriya. Sunan mutum ne, Louis Braille, kuma Faransawa suna furta shi kamar Luwi Biray. Yana ɗan shekara 15 ya gama shimfiɗa tushen tsarin. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa tun daga ƙauyen da aka haife shi, domin ƙauyen yana da hannu dumu-dumu a cikin abin da yaron ya zama.

Ƙauyen Coupvray

Coupvray, wanda ake furtawa kamar Kufre, yana gabas da birnin Faris da tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, a lardin Seine-et-Marne, kusa da garin Meaux. Yankin shi ake kira Brie, ƙasar alkama da shanu wadda aka san ta da wani cuku mai laushi da ya ɗauki sunanta. Ƙauyen yana kwance a gefen tudu ne yana fuskantar kwarin kogin Marne, saboda haka titunansa hawa da gangara ne. A zamanin Braille mazaunansa wajen 600 ne, manoma da masu gonakin inabi da 'yan sana'ar hannu.

A saman tudun akwai gidan sarauta wanda zuriyar Rohan, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Faransa, suka gina wajen shekarar 1600. Daga baya ya koma hannun gidan d'Orvilliers. Babban ginin ya lalace, amma lambunsa da gidan gonarsa da ɗakin tattabarunsa suna nan. Akwai kuma cocin Saint-Pierre, inda aka yi wa Louis baftisma kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa. Ta ƙasa kuwa wata hanyar ruwa da aka haƙa tsakanin Meaux da Chalifert ta ratsa ƙasar ƙauyen, an buɗe ta a 1846 domin rage wa jiragen ruwa kewayen da kogin yake yi. Ƙidayar 1999 ta nuna mutanen Coupvray wajen 2,700 ne. Abin da ya fi sauya fuskar yankin shi ne filin wasannin Disneyland da aka buɗe a 1992, wanda wasu otal-otal ɗinsa a ƙasar Coupvray suke. Dubban baƙi suna kwana a can ba tare da sanin cewa 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninsu da wani ƙaramin gidan dutse da ya fi wasannin daraja a tarihin ilimi ba.

Haihuwarsa da makancewarsa

A wannan gida aka haifi Louis ranar 4 ga Janairu, 1809. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Simon-René Braille, baduku ne mai ɗinka kayan doki, irin su ragama da majayi da sauran igiyoyin fata da ake ɗaura wa dawakin noma da na keken doki. Sunan mahaifiyarsa Monique. Ba masu dukiya ba ne, amma suna da rufin asiri: gida nasu, 'yar gona, da kurangar inabi. Iyayen kuma sun iya karatu da rubutu, abin da ba kowane ɗan ƙauye yake da shi ba a wancan lokaci.

Yana ɗan shekara uku ya shiga shagon mahaifinsa, ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini daga cikin kayan aiki yana kwaikwayon yadda ake huda fata. Ƙarfen ya kuɓuce ya soke shi a ido. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta a lokacin, ciwon ya ruɓa, ya kuma tsallaka zuwa ɗaya idon. Kafin ya cika shekara biyar ya makance ɗungurungum. Wannan ya zo daidai da faɗuwar Napoleon, lokacin da sojojin ƙasashen da suka ci Faransa da yaƙi suka mamaye yankin daga 1814, aka riƙa sauke su a gidajen mutanen ƙauye ana tilasta musu ciyar da su.

Makomar yaro makaho a ƙauyen Faransa na wancan zamani ba ta wuce bara ko zaman ɗaki ba. Iyayen Louis ba su yarda da haka ba. Mahaifinsa ya sassaƙa masa sanda, ya bar shi ya koyi titunan ƙauye da kansa, kuma ana ba da labarin cewa ya kakkafa ƙusoshi masu faɗin kai a jikin katako cikin siffar baƙaƙe domin yaron ya shafa ya san su. Sai kuma limamin cocin ƙauyen, Jacques Palluy, wanda ya lura da kaifin basirar yaron ya fara koyar da shi a gidansa. Shi ne ya roƙi malamin makarantar ƙauyen, Antoine Bécheret, ya karɓe shi tare da yara masu gani. Louis ya zauna a aji yana saurare yana haddacewa, har ya riƙa wuce sa'o'insa. Amma haddar tana da iyaka, domin duk abin da ba a karanta masa ba, ba shi da hanyar kaiwa gare shi. Limamin ya kai maganar wurin mai gidan sarautar tudu, Marquis d'Orvilliers, shi kuwa ya rubuta takarda zuwa Faris. Ta haka ƙauyen, daga baduku zuwa limami zuwa malami zuwa basarake, ya sama wa yaron gurbin karatu kyauta.

Makarantar makafi ta Faris

Ranar 15 ga Fabrairu, 1819, yana da shekara 10, ya shiga Makarantar Yara Makafi ta Faris. Wani mai suna Valentin Haüy ne ya kafa ta wajen 1785, kuma tana cikin makarantun makafi na farko a duniya. Sai dai mazauninta a titin Saint-Victor tsohon gini ne mai danshi da duhu, wanda aka taɓa yin kurkuku da shi a lokacin juyin juya halin Faransa. Abinci bai wadata ba, horo ya yi tsanani, tari kuma ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai.

Hanyar karatun makarantar ita ce ta Haüy. Ana danna baƙaƙen Latin manya-manya a kan takarda mai kauri har su taso, ɗalibi ya bi siffar kowanne da yatsa. Niyyar mai kyau ce, amma an gina ta a kan kuskure. An ɗauka cewa abin da ya yi wa ido sauƙi zai yi wa yatsa sauƙi. Ido yana ɗaukar lanƙwasa da da'ira a kallo ɗaya, yatsa kuwa sai ya zagaya baƙi kafin ya gane shi, kafin ɗalibi ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Littattafan sun yi girma da nauyi da tsada, saboda haka 'yan kaɗan ne a makarantar. Babbar illar ita ce makaho ba zai iya rubuta irin waɗannan baƙaƙe da kansa ya sake karanta su ba. Yana iya karɓar abin da masu gani suka buga masa, amma ba shi da ikon ajiye tunaninsa.

A 1821 aka kawo wa makarantar wani sabon tsari na Charles Barbier, tsohon hafsan sojan igwa. Shi ɗige-ɗige yake amfani da su, waɗanda ake hudawa da tsinke a kan takarda. Littattafai da yawa suna cewa ya ƙago tsarin ne domin sojoji su aika saƙo da dare ba tare da kunna fitila ba. Binciken da aka yi a baya-bayan nan a cikin takardunsa ya nuna cewa burinsa shi ne sauƙaƙa rubutu ga waɗanda rubutun yau da kullum ya gagara, ciki har da makafi. Ɗalibai sun yi murna da shi, domin a karon farko suna iya rubutawa su karanta abin da suka rubuta. Amma yana da nasa cikas. Gurbin alama ɗaya yana iya ɗaukar ɗigo har 12, jeri biyu masu shida-shida, tsawon da kan yatsa ba zai rufe shi a taɓawa ɗaya ba. Sannan jadawalin da aka fi saninsa da shi sautukan Faransanci yake bi, ba ƙa'idojin rubutunsa ba. A harshe irin Faransanci, inda kalmomi da dama suke da furuci ɗaya da rubutu daban-daban, wannan yana nufin makaho zai rubuta abin da shi kaɗai da 'yan'uwansa za su yarda da shi, ba zai taɓa sanin yadda sauran jama'a suke rubuta harshensu ba.

Ɗigo shida

Louis yana da shekara 12 lokacin da tsarin Barbier ya iso. Ya shafe wajen shekara uku yana gwaji, da dare a ɗakin kwana, da kuma lokacin hutu a Coupvray. Zuwa 1824 ya kai ga abin da yake nema. Ya rage gurbin zuwa ɗigo shida kacal, jeri biyu masu uku-uku, daidai faɗin kan yatsa. A yau ana lambata su 1, 2, 3 a jerin hagu daga sama zuwa ƙasa, da 4, 5, 6 a jerin dama. Idan aka lissafa duk hanyoyin da za a iya tayar da wasu a bar wasu, za a sami alamomi 63, ban da gurbin da babu komai a cikinsa wanda yake raba kalmomi.

Hikimar ba a rage yawan ɗigon kaɗai take ba, tana cikin yadda ya jera su. Baƙaƙe goma na farko, daga a zuwa j, ɗigo huɗu na sama kawai suke amfani da su. Ɗigo na 1 shi kaɗai a ne, 1 da 2 b ne, 1 da 4 c ne. Goma na biyu, daga k zuwa t, su ne dai na farkon aka ƙara wa kowanne ɗigo na 3, wato a ta zama k, b ta zama l. Jeri na uku kuma aka ƙara 3 da 6, a ta zama u. Ɗalibin da ya haddace goman farko ya riga ya ci rabin aikin. Lambobi ma su ne baƙaƙen a zuwa j, sai dai a sa wata alama a gabansu da take nuna cewa ƙidaya ce ke tafe. Sauran alamomin suka tafi ga wasula masu alama a ka na Faransanci, da aya da waƙafi da makamantansu. Mai lura zai ga cewa w ba ta bi jeri ba. Dalili shi ne Faransancin wancan lokaci bai cika amfani da ita ba, daga baya aka nema mata gurbi. Wannan shaida ce cewa kowane tsarin rubutu yana ɗauke da tambarin harshen da aka fara yi masa shi.

Kayan rubutun allo ne na ƙarfe mai ramuka, da tsinke. Da yake ta bayan takarda ake hudawa, mai rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, idan ya juya takardar kuma ya karanta daga hagu zuwa dama kamar mai boko.

A 1829 ya wallafa ƙaramin littafin da ya bayyana tsarin, wanda ya haɗa da yadda za a rubuta kiɗa. A cikinsa ya fito fili ya nuna cewa daga Barbier ya samo tunanin amfani da ɗigo. Bugun farkon yana da 'yan gajerun layuka haɗe da ɗigon, amma a bugu na biyu na 1837 ya cire su saboda suna da wuyar rubutawa da ganewa. A wannan shekara ce kuma makarantar ta buga littafin tarihin Faransa da sabon rubutun.

Malami da makaɗi

Braille bai bar makarantar ba. A 1828 aka ɗauke shi mataimakin malami, a 1833 ya zama cikakken malami, yana koyar da nahawu da tarihi da labarin ƙasa da lissafi da kiɗa. Ya ƙware a ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututu, har ya riƙa kaɗa shi a cocin Saint-Nicolas-des-Champs daga 1834 zuwa 1839. Mahaifinsa ya rasu a 1831. Wajen 1835 shi kansa ya fara tarin jini, alamar tarin fuka, cutar da ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka a 1839 ya fito da wata hanya ta zana baƙaƙen Latin da ɗige-ɗige domin makaho ya iya rubuta wa mai gani wasiƙa, kuma abokinsa makaho, Pierre Foucault, ya ƙera na'urar da take saukaka wannan aiki.

Lokacin da aka haramta rubutun

Shugaban makarantar, Alexandre Pignier, ya goyi bayan tsarin tun farko. A 1840 aka ture shi, Pierre-Armand Dufau ya hau. Dufau yana cikin masu ganin cewa bai kamata makafi su sami rubutun da ya bambanta da na masu gani ba, domin hakan zai ware su daga jama'a. Hujjar tana da ɗan kamshin gaskiya, amma a bayanta akwai wani tsoro: idan makafi suna da rubutun da suka fi malamansu masu gani ƙwarewa a kai, me zai hana su koyar da junansu? Ya hana amfani da ɗigon a aji, ya kawo wani sabon salon baƙaƙe masu tasowa, ya sa aka ƙone tsofaffin littattafai. Braille kuwa jiki ya yi tsanani, a 1843 ya koma Coupvray ya yi watanni yana jinya a wurin mahaifiyarsa.

Ɗalibai ne suka ceci rubutun. Sun ci gaba da amfani da shi a ɓoye, manya suna koya wa ƙanana, idan an ƙwace tsinke su nemi ƙusa. Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, ya ga cewa dokar ba ta aiki, ya kuma gane da kansa fifikon tsarin, sai ya shawo kan maigidansa. A Fabrairun 1844, wurin bikin buɗe sabon ginin makarantar a titin Invalides, aka yi gwaji a gaban jama'a. Aka fitar da ɗalibi ɗaya daga zaure, aka yi wa wani shifta ya rubuta da ɗigo, sannan aka dawo da na farkon ya shafa takardar ya karanta ba tare da tuntuɓe ba. Daga ranar aka daina farautar rubutun a makarantar. A ganina wannan shi ne sashen tarihin da ya fi cancantar ɗalibin harshe ya tsaya a kansa, domin rigimar ba ta ɗigo da layi ba ce kawai. Tambaya ce ta wanda yake da ikon zaɓa wa jama'a rubutu: masu amfani da shi kullum, ko hukumar da take kallonsu daga nesa.

Rasuwarsa da yaɗuwar aikinsa

Shekarunsa na ƙarshe ya rage koyarwa saboda rauni. Ya rasu a ɗakin jinya na makarantar ranar 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan cikarsa shekara 43. Bai yi aure ba. Abokansa sun ba da labarin wani akwati da ya bari da umarnin a ƙone shi, wanda aka tarar cike yake da takardun bashin da yake bin mutane. Aka ɗauki gawarsa zuwa Coupvray aka binne a maƙabartar ƙauyen. Jaridun Faris ba su damu da rasuwar ba.

Sai a 1854 hukuma ta amince da tsarin a hukumance a Faransa. A 1878 wani taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Faris ya zaɓe shi a matsayin rubutun makafi na bai-ɗaya. Amurka ta daɗe tana jayayya tsakanin tsare-tsare masu gasa da juna, kuma sai a 1932 ita da Ingila suka daidaita a kan birel ɗin Ingilishi guda. Bayan yaƙin duniya na biyu hukumar UNESCO ta yi aikin daidaita alamomin tsakanin harsuna. Larabci ma ya sami nasa, kuma daga hagu zuwa dama ake karanta shi, har an buga Alƙur'ani da shi. A Nijeriya, makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato ta yanzu, wadda aka kafa a 1953, da makarantar Pacelli ta Legas ta 1962, suna cikin wuraren da suka fara koyar da shi. An ware wa baƙaƙenmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, alamominsu a birel ɗin Hausa, kamar yadda aka yi wa baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa na Yarabanci da Ibo. Ya dace duk mai nazarin ƙa'idojin rubutun Hausa ya san da wannan fanni, kuma ya tambayi kansa littattafan adabi nawa daga cikin waɗanda muke nazari a aji ɗalibi makaho zai iya karantawa da yatsunsa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 4 ga Janairu, ranar haihuwarsa, a matsayin ranar birel ta duniya.

Coupvray ba ta manta da ɗanta ba. A 1887 aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin ƙauyen. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihi, aka sa shi cikin gine-ginen da doka ta kare a 1966, kuma mai ziyara zai ga shagon dukancin da kayan aikinsa, a kan titin da yanzu yake ɗauke da sunan Louis Braille.

A Yunin 1952, shekara 100 bayan rasuwarsa, gwamnatin Faransa ta yanke shawarar mayar da ƙasusuwansa Panthéon, ginin da ake binne manyan gwarazan ƙasar a Faris. Makafi daga ƙasashe da dama suka bi akwatin a tituna da sandunansu, Helen Keller ta zo daga Amurka, shugaban ƙasa Vincent Auriol ya halarta. Mutanen Coupvray ba su so rabuwa da shi ba, saboda haka aka yi sulhu. Aka tafi da gangar jikin Faris, aka bar musu ƙasusuwan hannayensa biyu a cikin wani ƙaramin mazubi da aka rufe a kan tsohon kabarinsa, a maƙabartar ƙauyen.